Maɗamin Waya: Ƙaramin Ƙarfen da Ya Rufe Daji

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyinmu ya san irin shingen nan. Za ka ga tsohuwar gonar gwamnati ko filin wata makaranta an zagaye shi da wayar ƙaya tun shekarun baya. Turakun siminti suna nan tsaye, wayar tana nan, ƙayoyinta ma ba su dakushe ba. Amma ta yi sako-sako, ta zubo kamar igiyar shanya. Akuya ta sa kai ta wuce, yaro ya take ta ƙasa da ƙafa, ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ya shige da tallarsa a ka. Duk kayan da aka saya suna wurin, shingen ne kawai babu, domin wayar ta rasa ɗamewarta.

Idan ana ba da tarihin wayar ƙaya, sunan wanda ya ƙirƙiro ta ake kira, sai kuma attajiran da suka yi arziki da ita. Ba kasafai ake tuna ƙaramin ƙarfen da ake kama wayar da shi a ja ta har ta miƙe ba. A nan za mu kira shi maɗami, wato abin ɗame waya. Hausawa sun ce kada a raina allura, ita ma ƙarfe ce. Za mu bi sawun wannan ƙarfe daga filayen yammacin Amurka zuwa wani ƙauye mai sanyi a Niyu Zilan, mu ga yadda ya mayar da iyakar da ke kan takarda ta zama iyakar da saniya ke cin karo da ita, da kuma waɗanda abin ya ci.

Ƙasar da ba itace

A ranar 20 ga Mayu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar da ta ba duk magidancin da ya nema eka 160 na ƙasar gwamnati, kimanin hekta 65 ke nan, bisa sharaɗin ya zauna a wurin ya noma ta tsawon shekara biyar. Ƙasar da ake rabawa ba ta rasa masu ita ba. Ƙabilu irin su Lakota da Cheyenne da Kiowa da Comanche sun daɗe suna yawo a cikinta suna farautar ɓauna, kafin sojoji su tattara su a keɓaɓɓun yankuna. Bayan yaƙin basasar ƙasar ya ƙare a 1865, manoma suka yi ta kwarara yamma.

Abin da suka tarar shi ne fili iya ganinka, ciyawa ce kawai, ba dutse ba itace sai ɗan abin da ke bakin rafi. A gabashin ƙasar, inda suka baro, da katako ake yin shinge, kuma ko a can ma abin ya yi tsada. Wani rahoton ma'aikatar gona ta Amurka na 1871 ya ƙiyasta cewa kuɗin da ke kwance a shingayen ƙasar ya haura dala biliyan 1.7. To ina ga wurin da sai an ɗauko katakon a jirgin ƙasa daga nisan ɗaruruwan mil?

Ga shi kuma al'adar yammacin ta sha bamban da wadda muka sani. A wajenmu makiyayi ne ke da alhakin tsare dabbobinsa kada su yi ɓarna kafin a kwashe amfani. A can kuwa shanu sakinsu ake yi ba mai bin su kullum, kuma manomi ne zai killace gonarsa. In bai yi ba, saniya ta ci, ta ci banza. Wasu suka koma dasa wata bishiya mai ƙaya a jere, kamar yadda muke yi da aduwa ko bini-da-zugu, amma sai ta shekara huɗu ko biyar kafin ta tare dabba. Wasu suka gwada waya sumul marar ƙaya. Ita kuma shanu jingina suke yi da ita suna susa har ta saki, in sanyi ya yi tsanani kuma ta tsinke.

Ƙaya ta samu, saura ja

A 1873, a wajen baje kolin amfanin gona na garin DeKalb da ke jihar Illinois, wani mai suna Henry Rose ya nuna wani siririn katako da ya kakkafa wa ƙusoshi, wanda ake rataya shi a jikin waya don ya tsorata shanu. Cikin 'yan kallo akwai mutum uku da abin ya tsaya musu a rai: manomi Joseph Glidden, da mai sayar da katako Jacob Haish, da mai kantin kayan ƙarfe Isaac Ellwood. Kowannensu ya koma gida yana tunanin yadda za a sa ƙayar a jikin wayar kanta. Ba su ne na farko ba, domin tun 1867 da 1868 wasu sun yi rajistar irin wannan dabara. Amma ta Glidden ce ta yi nasara, aka ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira mai lamba 157,124 a ranar 24 ga Nuwamba, 1874.

Dabarar tasa ita ce a naɗa guntun ƙaya a jikin waya ɗaya, sannan a murɗe wayar da wata ta biyu kamar yadda ake tufka igiya. Murɗin yana riƙe ƙayar kada ta zame, kuma yana ba wayar ɗan sassauci, ta miƙe ta tsuke da sauyin yanayi ba tare da ta tsinke nan da nan ba. A 1876 babban kamfanin waya na Washburn & Moen ya sayi kason Glidden, aka shiga yin ta da inji. Masanin tarihi Walter Prescott Webb ya kawo alƙaluman a littafinsa na 1931 kan waɗannan filaye: a 1874 abin da aka sayar bai wuce tan huɗu da rabi ba, amma a 1880 ya haura tan 36,000.

Sai dai wayar da ke naɗe a kanti ba ta tare komai. Bari mu yi lissafin aikin da ke gaban manomi mai eka 160. Gonarsa rabin mil ce ta kowane ɓangare, kewayenta mil biyu, wato kilomita 3.2. Naɗi ɗaya na wayar ƙaya rubu'in mil ne, kimanin mita 400. Ke nan layi ɗaya zai ci naɗi takwas, in kuma layi huɗu zai yi, naɗi 32. Kowane ɗaya sai an warware shi, an ja shi ya miƙe, an riƙe shi a haka, sannan a buga masa ƙusa mai lanƙwasa a jikin kowane turke. Ƙato komai ƙarfinsa ba zai ja wayar mita ɗari da hannu ta miƙe ba, balle mai ƙaya, balle kuma ya riƙe ta da hannu ɗaya yana buga ƙusa da ɗayan.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ƙarfe yana ƙara tsawo da zafi, yana raguwa da sanyi. Wayar mita 400, in zafin gari ya sauya da digiri 40 tsakanin rani da hunturu, tsawonta zai sauya da kusan santimita 19, kuma a waɗancan filaye bambancin yakan wuce haka. Wanda ya ɗame waya tam da tsakar rana a lokacin zafi, yana iya tashi wata safiya ta hunturu ya tarar ta tsinke ko ta tumɓuke turken kusurwa. Wanda ya ja ta a sanyi bai ɗame sosai ba, in zafi ya zo sai ta zubo. Masaƙanmu sun san wannan matsala, shi ya sa suke ɗora dutse a kan kunkuru don zaren tsaye ya zauna a miƙe, bai saki ba bai kuma tsinke ba.

Daga ƙafar amalanke zuwa jakar sirdi

Maɗamin farko da manoman suka yi amfani da shi ba a ƙera shi don wannan aiki ba. Amalanken doki ne. Sai a tsayar da shi a ƙarshen layi, a tokare shi kada ya motsa, a ɗaga ƙafa ɗaya ta baya sama, a ɗaura bakin wayar a cibiyar ƙafar. Mutum ya kama ƙafar yana juyawa, wayar tana naɗewa a cibiya tana miƙewa. In ta ɗame sai a ɗaure ƙafar, a bi turaku ana buga ƙusa. Wasu kuma doki suke ɗaura wa wayar ya ja. Dabarar tana aiki, amma doki bai san inda zai tsaya ba, kuma in wayar ƙaya ta tsinke tana cikin ja, dawowa take yi kamar bulala, ta yanki duk wanda ta samu a hanya. Bayan haka, amalanke ba ya shiga kwazazzabo ko hawa tudu mai duwatsu, kuma ba wanda zai ɗauko shi don gyaran waya ɗaya da ta tsinke a nisan mil goma.

Wannan buƙata ce ta buɗe kasuwa. Daga ƙarshen shekarun 1870 maƙera da manoma da ƙananan kamfanoni suka yi ta fito da maɗamai iri-iri. In aka duba su da kyau, duk abu uku suke ƙoƙarin yi. Na farko, su kama wayar ba tare da sun ji mata rauni ba, domin inda haƙori ya ciji waya nan za ta tsinke wata rana. Na biyu, su ninka ƙarfin hannun mutum. Na uku, su riƙe abin da aka ja kada ya koma, don mai aiki ya samu hannuwansa biyu ya yi ɗauri.

Wani nau'in da igiya yake aiki. Igiyar tana bi ta kan ƙananan ƙafafu masu juyawa, irin wadda ake ratayawa a bakin rijiya mai zurfi, sai dai nan guda huɗu ne ko fiye, biyu a kowane ɓangare. Gefe ɗaya a maƙale a turke, ɗayan yana da baki mai cizon waya. Kowane zagaye da igiyar ta yi yana rage nauyin jan, sai dai igiyar da za ka ja ta ƙara yawa. Wani nau'in kuma dogon hannu ne na ƙarfe ko katako mai baki a tsakiyarsa: a tokara ƙarshensa da turke, a kama waya, a banƙare. Yana da sauƙi, amma ja ɗaya kawai yake yi. Nau'in da ya fi daɗewa a hannun mutane shi ne mai haƙora. Sandar ƙarfe ce mai tsaga-tsaga kamar zarto, da baki ɗaya kafaffe a ƙarshenta, da wani bakin mai tafiya a kanta. Duk dannawa ɗaya da aka yi wa hannunsa, bakin mai tafiya ya matsa haƙori ɗaya, kuma ba ya komawa baya. Da shi mutum ɗaya zai kama bakin waya biyu da suka rabu, ya jawo su su haɗu, ya ɗaure. Irin wannan ne kamfanin Dutton-Lainson na garin Hastings a jihar Nebraska yake yi da sunan Goldenrod, kuma har yau ana samunsa a bayan motocin masu gandun shanu.

Abokin tafiyar maɗami shi ne filayar shinge. Ƙarfe ɗaya ne amma aikinsa ya kai biyar: gefe ɗaya guduma, ɗaya gefen ƙugiya mai tsini ta zare ƙusa, a tsakiya ga wurin yanka waya, ga bakin murɗa ta, ga wurin kama ta a ja. Tana shiga jakar sirdi, kuma wanda ya iya yakan ɗame gajeriyar waya da ita kaɗai ta hanyar tokara kanta da turke.

Duk da haka, maɗami ba ya aiki sai da abin da zai ja ya jingina da shi. Ƙarfin dukkan layukan waya a kan turken kusurwa yake taruwa. Shi ya sa ake kafa turke biyu manya, a sa gungume a kwance tsakaninsu, sannan a zagaya waya daga gindin ɗaya zuwa saman ɗayan, a zura sanda a tsakiyarta a murɗa har ta ɗame. Wannan sanda ita ma maɗami ce, kuma ta girme su duka. A tsakiyar arewacin jihar Kansas, inda itace ya yi wuya ƙwarai, manoma fasa farin dutse suka riƙa yi suna sassaƙa turaku da shi, kowanne ya fi buhun hatsi nauyi. Da yawansu suna nan tsaye har yanzu.

Abin da ɗamammiyar waya ta haifar

Da aka samu waya mai arha da hanyar ɗame ta cikin sauri, 'yan mutane kaɗan suna iya rufe abin da a da sai gari guda. Manomi ne aka yi wayar dominsa, amma manyan masu shanu ne suka fi cin moriyarta. A jihar Teksas suka shiga zagaye dubban eka, nasu da wanda ba nasu ba. Wasu sun rufe ƙasar gwamnati, wasu sun datse hanyar zuwa makaranta da coci, kuma mafi muni, sun rufe mashaya. Ƙananan makiyaya da ba su da ƙasa, waɗanda suka dogara da sakakken daji, suka wayi gari ciyawa da ruwa suna bayan waya.

A 1883 aka yi fari. Shanu na mutuwa da ƙishirwa suna hangen ruwa. Sai mutane suka fara fita da dare ƙungiya-ƙungiya da filaya a hannu, suna yanke waya tsakanin kowane turke biyu, wani lokacin mil da yawa a dare ɗaya. Aikin da maɗami ya yi a wata guda, filaya ta warware shi kafin asuba, kuma sau da yawa irin filayar da aka kafa shingen da ita ce. Rikicin ya bazu a fiye da rabin gundumomin jihar, har aka rasa rayuka. Gwamna John Ireland ya kira zaman majalisa na musamman a Janairun 1884. Dokar da ta fito ta mayar da yanka shinge babban laifi mai ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar. Rufe ƙasar gwamnati ko ta wani kuwa aka sa shi a ƙaramin laifi, aka ba masu shi wata shida su cire. Aka kuma wajabta sa ƙofa duk bayan mil uku inda shinge ya ratsa hanyar jama'a. Mai karatu ya auna hukuncin biyu ya ga wanda doka ta fi tausaya wa. A 1885 majalisar tarayya ita ma ta haramta killace ƙasar gwamnati, Shugaba Grover Cleveland ya ba da umarnin a cire irin waɗannan shingaye.

Dabbobi ma sun biya nasu kason. Shanun filayen sun saba, in guguwar dusar ƙanƙara ta taso daga arewa, su juya mata baya su yi ta tafiya kudu har su samu mafaka a kwari. A farkon shekarun 1880 masu gandu a arewacin Teksas suka ja dogayen shingaye daga gabas zuwa yamma don hana shanun arewa gangarowa su cinye musu ciyawa. A hunturun 1885 zuwa 1886 guguwa ta zo da ƙarfi. Shanu suka yi kudu kamar yadda suka saba, suka ci karo da waya, suka taru a jikinta, sanyi ya kashe su dubbai. Da wayar ta kasance sako-sako irin ta bakin hanyoyinmu, da yawansu sun ture ta sun wuce. An ɗame ta da kyau, ta kuwa riƙe.

Kaboyin da muke gani a fim yana kora garke ɗaruruwan mil, zamaninsa bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Jirgin ƙasa da waya suka rufe hanyoyin. Wanda ya ci gaba da aiki sai ya koma mai bin shinge: ya hau doki da safe da maɗami da filaya da ƙusoshi a jaka, ya bi layi yana neman inda ta tsinke ko ta saki. A garin McLean na Teksas da garin La Crosse na Kansas akwai gidajen tarihi na wayar ƙaya, inda aka jera waɗannan kayan aiki. Na McLean ma sunan da aka yi wa wayar a wancan zamani aka ba shi, wato igiyar Shaiɗan.

Maƙerin Oturehua

Ɗaya daga cikin maɗaman da suka shahara a duniya ba daga Amurka ya fito ba. A Niyu Zilan Turawa sun cika tuddai da tumaki a ƙarni na 19, a ƙasar da mafi yawanta aka karɓe daga hannun Māori. Su ma sun rasa katako a yankunan ciyawa na tsibirin kudu, suka rungumi waya, galibi sumul, layi shida ko bakwai, saboda tunkiya ba ta buƙatar faɗin ƙofa kafin ta wuce. Wayar da suka fi amfani da ita ana kiranta lamba 8, kaurinta kimanin milimita huɗu. Ta shiga rayuwarsu har ta zama karin magana: in suka ce mutum mai tunanin lamba 8 ne, suna nufin zai gyara komai da ɗan abin da ke hannunsa.

Ernest Hayes maƙerin injin niƙa ne daga Ingila. Ya iso ƙasar da matarsa Hannah a 1882, suka zauna a yankin Otago ta tsakiya, wurin da ake kira Oturehua a yau, mai tsananin sanyi da ƙarancin ruwan sama. A 1895 ya fara ƙera ƙananan kayan gona a wata 'yar rumfa. Abin da ya fara fitar da sunansa shi ne wani mayanki na gutsuttsura abincin guba da ake zuba wa zomaye, waɗanda a lokacin suka zame wa makiyaya annoba. Shi yana ƙira, Hannah kuma ta hau keke da samfuri tana bin gonaki masu nisa, ta kan hanyoyin tsakuwa da tuddai, tana karɓo oda. Ba don ƙafafunta ba, da wataƙila ƙirar ta tsaya a rumfar.

Hayes ya soma aikin maɗaminsa a 1905, ya yi ta gyara shi kusan shekara ashirin, sai a 1924 ya kai ga siffar da aka sani. Yana da baki biyu masu santsi, ba haƙori, waɗanda aka tsara su yadda ƙaruwar ja ita ke ƙara musu riƙo, don haka ba sa zamewa kuma ba sa cizon waya. Baki ɗaya yana haɗe da sarƙa. Ɗayan yana haɗe da hannu mai ƙugiya biyu. In ka tura hannun gaba, ƙugiya ɗaya ta kama zoben sarƙa, in ka dawo da shi, ta biyun ta tsallaka ta kama zobe na gaba. Haka ƙarfen zai yi ta takawa a kan sarƙar kamar mai hawa tsani, kuma a kowane lokaci ƙugiya ɗaya tana riƙe da nauyin. In an gama ɗauri sai a taka da baya sannu a hankali, ba sakin bazata. Ba sifirin mai wuyar samu a ciki, ba abin da maƙerin ƙauye ba zai iya gyarawa ba.

Masana'antar tasa da iska ta fara aiki, ta wata babbar fanka da ya gina a 1910, daga baya a 1927 aka koma ƙarfin ruwa. Ernest ya rasu a 1933, 'ya'yansa suka ci gaba, a 1952 aka mayar da aikin birnin Christchurch. Tsohuwar maƙerar tana nan a Oturehua a hannun hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar, injinanta suna juyawa in an tashe su. Maɗamin kuwa, shekara ɗari bayan haka, ana ƙera shi kusan yadda ya bar shi, ana kuma kwaikwayonsa a ƙasashe da yawa.

Ja da awo

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 wata sabuwar waya ta maye gurbin lamba 8 a yawancin shingaye. Siririya ce, milimita 2.5, amma ƙarfenta ya fi tauri. Bambancinsu a nan yake: tsohuwar waya mai laushi, in an ja ta fiye da kima ko saniya ta faɗa mata, miƙewa take yi ta zauna a haka, ba ta dawowa. Sabuwar kuwa tana miƙewa ta dawo kamar tsarkiyar baka, muddin ba a wuce iyakarta ba. Wannan ya sa aka daina dogara da jin hannu kawai. Aka sa wa maɗamai ma'auni, kuma abin da aka saba ba da shawara ga irin wannan waya shi ne ja na kimanin kilo 150. In shinge layi bakwai ne, turken ƙarshe yana ɗauke da sama da tan guda dare da rana.

Aka kuma fito da maɗamin da ake bari a jikin shinge. Ɗan ƙaramin abin naɗi ne mai haƙora, ana sa shi a kowane layi. In waya ta saki bayan shekara, sai a zo da sifana a juya shi sau biyu ko uku, ba sai an kwance komai ba. A ƙarshen shekarun 1980, a birnin Sheffield na Ingila, wani dillalin waya mai suna Hugh Facey ya fito da Gripple, wani ɗan ƙarfe da bai kai akwatin ashana ba. Ana zura bakin waya biyu ta cikinsa, suna shiga amma ba sa fitowa, sai a ƙara ja da wani abu mai kama da babbar filaya. Duk waɗannan sun taso ne daga abin da masu bin shinge suka daɗe da sani: ba a ɗame waya sau ɗaya a ce an gama.

Mu da namu shingen

Kakanninmu ba su rasa shinge ba. Akwai darni na kara, akwai shingen ƙaya da ake ja wa garka da gonar rogo, akwai na aduwa. Amma yawancinsu na lokaci ne. In kaka ta wuce aka kwashe amfani, gona takan buɗe, shanu su shiga su ci kara su bar taki, burtali kuma yana nan don wucewa. Wayar da aka ɗame ba ta san kaka ba, ba ta san rani ba.

Yau maganar killace dabbobi tana bakin kowa. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 2017 jihar Binuwai ta haramta kiwon sake, a 2019 gwamnatin tarayya ta fito da shirin sauya fasalin kiwo wanda ya jingina da gandun dabbobi. A Nijar kuwa dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyaya. Ko wace hanya aka bi, waya za ta ƙaru a dajinmu, kuma tarihin da muka bi yana da abu biyu da zai gaya mana.

Na farko na aiki ne. Shinge ba kwangila ba ce da ake yi a ɗauki hoto a watse. In za a kashe miliyoyi a kan waya da turaku, to a tanadi turken kusurwa mai ƙarfi, a sayi maɗami da filaya, a koya wa wani ya riƙa bin layi. Kuɗinsu bai kai na naɗi kaɗan na waya ba, kuma ƙirar Hayes ba ta fi ƙarfin maƙeranmu da masu walda ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma saniya ɗaya da ta bi ta inda waya ta saki ta isa ta haɗa gari biyu faɗa.

Na biyu ya fi nauyi. Mutanen Teksas sun fara jan waya ne kafin su zauna su yanke inda hanya za ta bi da wanda ke da haƙƙin mashaya. Sai da aka yi fari, aka yanke shingaye, aka zubar da jini, sannan majalisa ta tuna da ƙofa duk bayan mil uku. Mu muna da damar da ba su samu ba, domin mun ga yadda tasu ta ƙare. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin a kafa turken farko, a kira manomi da makiyayi da mai unguwa, a nuna burtali, a nuna mashaya, a nuna inda ƙofa za ta kasance da wanda zai riƙe mabuɗinta. Bayan nan sai a kawo maɗami a ja wayar yadda ya kamata.